Birkin 'Yan Ashana

Idan ka tambayi Ciyaman tarihin ƙungiyarmu, zai gyara zaman hularsa ya ce maka 'Yan Ashana ba su taɓa faɗuwa daga rukuni na uku ba tun da aka kafa su. Gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai ƙara maka ba shi ne, har kakar bara, ba su taɓa hawa ba kuma. Ni tela ce, shagona yana kallon ƙofar filin, ni nake ɗinka lambobin da ke bayan jesinsu. Don haka zauna in ba ka tarihin da ba a karantawa a lasifika.

Ma'aikatan kamfanin ashana ne suka kafa ƙungiyar, a fegin da ke bayan sito. Jesin ruwan ɗorawa ce, ba don wata hikima ba, ragowar yadin labulen ofishin manaja ne. Daga baya kamfanin ya ƙone ƙurmus, wai kowa ya yi mamaki, kamfanin ashana ya kama da wuta. Kamfani ya tafi, fili ya zauna yadda yake: jar ƙasa, ciyawa a kusurwa ɗaya inda famfo ke yoyo, shingen kwano da yara suka huhhuda don kallon kyauta, da ɗakin canza kaya wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya sa wandonsa a waje.

Ga matsalar. Dokar rukuni na biyu ta ce sai kana da fili mai ciyawa da kujeru da banɗaki mai ruwa. Wanda ba shi da su, sai ya kwashi wasanninsa na gida ya kai babban birni, tafiyar yini guda. Wato ranar da 'Yan Ashana suka hau, ranar za a sa wa filinmu kwaɗo. Mai gyaɗa, mai lemo, mai tsaron kekuna, da tsofaffin da ba su da wurin zuwa ranar Asabar sai nan, duk sun tashi. 'Yan kwamiti kuwa, da a nan su ne wuƙa su ne nama, a can ko ruwa ba wanda zai miƙa musu.

Shi ya sa suka ƙirƙiro abin da suke kira birki. Duk kakar da tsautsayi ya sa yaranmu suka yi ƙoƙari fiye da kima, sai kwamiti ya zauna ya zaɓi wanda zai taka birki a wasan ƙarshe. Karon farko motar 'yan wasa ce ta lalace a hanya, alhali lafiyarta ƙalau, direba ya buɗe gabanta ya tsaya yana kallon inji har aka ba abokan karawa maki. Karo na biyu wani ɗan baya ya sa wa ƙwallo kai, kai mafi kyau a rayuwarsa, cikin ragarmu. Bai kai Asabar ta gaba a garin ba. Karo na uku Babana ne.

Baba shi ne golan ƙungiyar a lokacin, kuma Katanga ake kiransa. Tsofaffi sun ce in ya tsaya a raga sai ka ga ragar ta ƙanƙance. A wasan ƙarshe na wannan kakar, kunnen doki kawai muke bukata. Sai wata ƙwallo ta gangaro masa a hankali, irin wadda kaza ma za ta tare, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige. Kafin ya fita daga filin an sake masa suna. Rariya.

Ina ƙarama lokacin, ba wanda ya gaya mini komai game da birki. Abin da na sani kawai shi ne mu 'ya'yan Rariya ne. A makaranta haka, a bakin famfo haka. Maƙwabciyarmu takan leƙo ta ce, "Ke, ara mana babanku mu tankaɗe gari," ta bushe da dariya kamar ita ta fara faɗa. Mama ta rasu da haushin sunan nan a ranta. Shi kuwa Baba ya ajiye ƙwallo ya koma faci a gindin bishiyar da yanzu ke gefen shagona. Ka ji ikon Allah: mutumin da ake kira Rariya, sana'arsa toshe huji. Kuma yana amsawa! Abin da ke ƙona mini rai ke nan. "Rariya, a duba min taya." "To, kawo." Duk Asabar ya ɗauki ɗan bencinsa ya je ya zauna bayan raga, a tsakiyar masu tsokanarsa, kamar wanda aka yi wa alƙawarin wani abu a wurin.

Ƙanena Auta da ya tashi, sai ya ce shi ma gola zai zama. Na ce masa, "Duk sana'o'in duniya ba ka ga ta yi ba sai wadda ta ci mana mutunci?" Ya ce, "Yaya, shi ya sa." Yaron nan ya faɗi a jar ƙasar nan har gwiwoyinsa suka zama kamar bayan tukunya. Ya samu jesi mai lamba ɗaya, ni na ɗinka ta da hannuna. Kakar bara ya hana kowa sakat. Ƙwallo ta ƙi shiga, maki suka yi ta taruwa, 'yan kwamiti suna tafi fuska a murtuke. Aka zo wasan ƙarshe, kunnen doki kawai muke bukata.

Ana saura 'yan kwanaki, da rana tsaka, sai ga motar Ciyaman a ƙofar gidanmu. Shi ne sakatare a zamanin Baba, yanzu ya yi tumbi ya zama Ciyaman. Ya shigo da katan ɗin lemo, ya zauna a kujera mai kyau, ya tambayi lafiyar kowa, har da matar Auta da ke da tsohon ciki. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire.

"Rariya," ya ce da Baba, a cikin ɗakin Baba, "ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya juya ga Auta. "Ɗana, ka yi ƙoƙari. Ka yi ƙoƙari har ya yi yawa. Ranar Asabar muna so ka taimaki garin nan kamar yadda mahaifinka ya taimaka."

Auta ya ce, "Wane taimako, ranka ya daɗe?"

Ciyaman ya dubi Baba da mamaki. "Au, ba ka gaya musu ba?" Sai ya zayyana mana duka, yana murmushi kamar mai ba da labarin bikinsa: motar da ta lalace, kan ɗan baya, da yadda shi da kansa ya zo wannan gida shekaru aru-aru da suka wuce ya roƙi Katanga ya buɗe ƙafa.

Wallahi tiren nan Allah ne ya riƙe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wato kai ka aiko shi, kuma kai ne kake kiransa Rariya har yau?"

"Haba 'yata, ai suna ne kawai. Wasa ne."

"Wasa ne? Uwata ta mutu ba ta gane wasan ba."

Baba ya ce, "Ke, ya isa." Ciyaman ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa Auta kada ya damu, mutane suna da saurin mantuwa, kafin wata ya ƙare ba mai tunawa. Ya bar mana lemon, don mu san darajarmu.

Ya fita abinsa. Na fara da Baba, don raina ya gama ɓaci. Na ce me ya sa ya yi shiru duk shekarun nan? Me ya sa ya bar mu muna dambe da yara a kan ƙarya?

Ya ce, "Ni ma haka suka ce mini, kafin wata ya ƙare."

"To me ka samu?"

"Filin yana nan," ya ce. "Kina cin abinci a ƙofarsa. Ni ma ina da wurin zuwa."

Auta yana zaune a ƙasa, safar hannunsa ta gola a cinya. Idan ya buɗe ƙafa, ɗan da matarsa za ta haifa zai taso jikan Rariya, ɗan wani sunan da garin nan zai ƙirƙiro, kuma sun iya ƙirƙira. Idan ya tare, ya rufe wa ubansa wuri ɗaya tak da yake zuwa. Ya ɗago ya ce, "Baba, me zan yi?"

Baba ya dubi safar. Ya miƙa hannu ya ce, "Kawo safar nan, na ga ta huje a babban yatsa." Ya fita da ita gindin bishiyarsa, ya yanko ɗan guntun roba, ya kankare, ya shafa gam, ya hura, ya danne da yatsa ya daɗe. Ya dawo masa da ita, ya ce a bar ta ta bushe.

Ranar Asabar fili ya cika har kan shinge. Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake. Koci ya riga ya raɗa wa kowa cewa a bari a ci mu. 'Yan gabanmu suna zuwa bakin raga su ɗaga ƙwallo sama kamar suna jifan tsuntsu. 'Yan bayanmu suna matsawa gefe da ladabi, saura kaɗan su ce bismillah, wuce. Amma abokan karawarmu, bayin Allah, su ne na ƙarshe a teburi, kuma ba a banza suka kai can ba. A ba su ƙwallo a ƙafa su taka ta su faɗi. 'Yan kaɗan da suka isa raga, Auta ya kama. Ciyaman yana ta share gumi a inuwar rumfarsa.

Da lokaci ya kusa ƙarewa, kyaftin ɗinmu ya gaji da jira. Ƙwallo ta taso cikin da'irar ragarmu, ya sa hannu biyu ya cafke ta kamar an jefo masa kankana. Alƙalin wasa ma sai da ya tsaya ya dube shi kafin ya busa. Fenariti.

Ina tsaye bayan raga kusa da bencin Baba. Ni kaina ban san abin da nake so ba, shagona nake tunawa, ina tuna Mama. Ɗan wasansu ya ja baya, ya zo a guje, kuma a karon farko a rayuwarsa ya buga ƙwallo mai kyau, ƙasa-ƙasa, gefen turke. Auta ya miƙe gaba ɗayansa. Na ji ƙarar ta a safar nan. Ya rungume ta ya kwanta a kanta, ƙura ta lulluɓe shi. Alƙali ya busa tashi.

'Yan Ashana sun hau rukuni na biyu, karon farko a tarihi. Ka san me ya biyo baya? Shiru. Fili cike da mutane, ko tari babu. Sai wani daga kan shinge ya kwarara ihu: "Ɗan banza! Ko abin da ubanka ya iya ba ka iya ba!" Wani ya karɓa: "Rariya ya san darajar gari, kai fa?" Mai lemo yana zagi, mai tsaron kekuna yana zagi, har da maƙwabciyarmu mai aron rariya, ta tsufa amma bakin yana nan.

A nan ne na gane. Ashe duk sun sani. Tun ranar farko sun san abin da Baba ya yi musu, sun ci gyaɗarsu a filin da ya bar musu, suna kiransa Rariya don abin ya fi daɗin faɗa. Na buɗe baki zan rama, kuma ina da abin faɗa wa kowannensu har kakanninsa, sai na ji tafi a gefena. Mutum ɗaya. Baba ne a tsaye a kan bencinsa, da gwiwoyinsa masu ciwo, yana tafi da hannuwan nan masu baƙin gam.

"Katanga!" ya ce, da muryar da ban san yana da ita ba. "Katanga!"

Auta ya ɗago daga ƙasa ya dube shi. Ni kuwa kuka na yi, a gaban kowa, ban ji kunya ba.

An sa wa filin kwaɗo kafin sabuwar kaka. Awaki ne ke wasa a ciki yanzu, kuma sun fi 'yan gabanmu sanin inda raga take. Ciyaman ya bi ƙungiya babban birni, yana gaya wa 'yan jarida cewa hawan nan tsarinsa ne na shekara da shekaru. Auta yana can, muna jin sunansa a rediyo in iska ta yarda. Shagona ranar Asabar kamar an yi shara.

Asabar ta farko bayan an rufe filin, na ga Baba ya sa riga mai kyau, ya ɗauki bencinsa, ya tsallaka titi. Sai da ya kai ƙofa ya tuna. Ya tsaya yana kallon kwaɗon, ya daɗe, sannan ya juyo ya ajiye bencin a gindin bishiyarsa. Abin ya taɓa ni ƙwarai, na yi kamar ina neman zare.

Can sai ga mai tsaron kekuna, wanda yanzu ba shi da keken da zai tsare sai nasa, ya turo shi taya a sace.

"Rariya, a duba min taya."

Baba yana murɗa rediyo, bai ɗago ba.

"Rariya! Da kai nake."

"Ba ya nan," in ji Baba. "Da filin aka rufe shi."

Mutumin ya tsaya riƙe da kekensa yana zare ido, yana laluben sunan da zai kira shi da shi. Baba bai taimake shi ba, ni ma ban taimake shi ba.