Injin Ƙarshe na Malam Lirwanu

Na sauke su biyun a kan buhun da makanikena ya shimfiɗa a ƙofar gareji, na baƙin ƙarfe a dama, na alminiyam a hagu, sannan na miƙe ina dafe da ƙugu. Malam Lirwanu bai tashi daga kan bencinsa ba. Ƙafa kawai ya miƙa ya taɓa na alminiyam ɗin.

"Wanga shi na abin da ka tahi Sakkwato nema?"

Kan inji ne, wanda makanikai ke kira tof, murfin da ke zama bisa fistin ya riƙe wutar. Na a-kori-kurata ya tsage ranar kasuwar Shagari, ina ɗauke da buhunan albasa. Malam ya riga ya sa an faɗaɗa ramukan fistin, ya samo mini kafireto babba, domin na gaya masa na gaji da yadda sababbin direbobi ke wuce ni su yi sawu biyu kafin in yi ɗaya. Tof ne kawai ya rage. Zayyanu mai sayar da kayan gyara ya ba ni guda biyu, ya ce in kai wa makanikena ya zaɓa, in mayar da ɗayan.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Malam Lirwanu a Boɗinga. Tun ina saurayi nake ganinsa a ƙarƙashin wannan rumfar kwanon da ke ƙofar gidansa. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun buɗe nasu garejin a Sakkwato da Yabo, shi kuma bai ƙara ɗaukar kowa ba. Yana da doka guda: da zarar mota ta shiga rumfarsa, mai ita ba ya sa mata hannu. Ko sifana ka miƙo masa sai ya harare ka.

Na zayyana masa abin da na jiyo. Na ce alminiyam bai kai rabin nauyin ƙarfe ba, gaban mota zai saki. Yana fitar da zafi da wuri, don haka ana iya matsa wa inji ba tare da ya yi ƙwanƙwasa ba. Na ce duk motocin da ke tashi a kan kwalta yanzu shi ne a kansu.

Ya bar ni na gama. Sai ya ce duk gaskiya ne, amma Zayyanu bai gaya mini sauran ba. Ya ce alminiyam ba ya yafe sakaci. Rana ɗaya ruwa ya ƙare a lagireto ban lura ba, zai lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Baƙin ƙarfe kuwa yana jure zafin watan bazara da lodin da ya wuce kima, yana jure direba mai mantuwa.

"Kai ko, Maniru, na san ka. Sai ka ga hayaƙi kaka tuna da ruwa."

Abin ya yi mini zafi, saboda gaskiya ne. Na ce masa shi dai ya tsufa ne da abin da ya saba, zamani ya wuce shi bai sani ba. Na faɗi haka a gaban mai shayin da ke gefe. Malam ya sunkuya yana gyara silifas ɗinsa, a lokacin na ga ƙafafunsa sun kumbura har igiyar ta nutse a cikin nama. Na gani, amma raina yana kan mota. Na ɗauka zaman benci ne.

Washegari da hantsi na fito da niyyar ba shi haƙuri, in ce ya sa wanda ya ga dama. Na tarar ya riga ya ɗora na alminiyam a kan teburin aiki yana goge fuskarsa da tsumma. Na baƙin ƙarfen yana ƙasa, ya ɗan gusa daga inda na ajiye shi, rabinsa a kan buhu rabinsa a kan rairayi.

"Ka mai da wancan. Wanga za mu sa," in ji shi.

Daɗi ya kama ni. A tasha har na ba da labari cewa na kayar da Malam Lirwanu a gardama.

Aikin da a da yake yi a kwana biyu ya ɗauke shi kwana tara. Yakan ɗaure kusa biyu ya zauna, ya ɗaure biyu ya zauna. Ya cire lagireton motar ya sa wani mai faɗi da ya daɗe yana ajiya a ɗaki, ya canza fanka, ya gyara allurar zafi da ta shekara uku a mace. Ban sa shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kullum in na dawo daga masallaci sai na leƙa na tambaye shi yaushe za a gama, domin albasa tana fitowa daga Mandera, wasu na kwashe lodin. Sai ya ce saura kaɗan. Wata rana na same shi ya jingina da taya yana numfashi da baki buɗe. Ya ce ƙaurin fetur ne ya hau masa kai.

Ran Talata bayan la'asar ya ce in tayar. Bugu ɗaya ta kama. Ban taɓa jin motar nan da irin wannan muryar ba, a daidaice, babu karkarwa. Ya dafa bodin da tafin hannu ya rufe ido yana saurare, ya daɗe a haka. Sannan ya nuna mini allurar zafi, ya ce in ta kai nan in tsaya ko a tsakiyar daji ne, ko fasinja sun zage ni. Na ce ya shigo mu zaga zuwa Sifawa ya ji yadda take tafiya. Ya dubi tsayin matakin shiga motar, ya ce wata rana.

Ran Juma'a da safe ina loda buhuna a bakin kasuwa matata Bahijja ta kira ni a waya. Ta ce in dawo, Malam ya faɗi a tsakar gida yana alwala. Kafin in iso an shimfiɗa shi a ɗaki an rufe shi da zane. Matarsa, Inna Sakinatu, tana zaune a bakin ƙofa, butar tana gefenta da sauran ruwa a ciki.

Ni da ƙanensa Sharhabilu muka riƙa wa liman wajen wanka. Duk yadda aka cuɗa hannayensa baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa bai fita ba. Liman ya ce a bar shi haka. Aka sallace shi bayan an sauko daga Juma'a, mutane har bakin titi. Direbobi sun zo daga Shagari da Yabo, sun jera motocinsu a gefen hanya. A wajen zaman makoki ne na fara jin cewa tun bara likita a Sakkwato ya gaya masa zuciyarsa ta kumbura. Sharhabilu ma sai a ranar ya ji.

Motar ta yi duk abin da na nema. Ina yin sawu biyu, wani lokaci uku. Amma na daina ba da labarin gardamar nan a tasha, kuma in na zo wucewa ta gaban rumfar sai in kau da kai.

Da Inna Sakinatu ta fita takaba, 'yan'uwanta suka ce ta koma Dandin Mahe wajen yayanta, tun da 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu. Na ce ba wanda zai kai ta sai ni. Muka loda gado da akwatuna biyu da tukwane da turmi a baya, ita ta zauna a gaba, ta takure jikin ƙofa da carbi a hannu. Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa a gefen hanya. Na riƙa tafiya a hankali saboda kayan.

Da muka yi nisa sai ta tambaye ni ko wannan ce motar. Na ce ita ce.

Ta ce ranar da muka yi gardama, bayan na tafi, tana leƙe ta zaure ta ga ya sunkuya zai ɗora na baƙin ƙarfen a kan tebur. Ya ɗaga shi bai kai taƙi ɗaya ba ya sake shi, ya durƙusa a wurin. Ta fito da gudu ta same shi fuska ta yi toka. Likita ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. Ta ce bari ta kira ni in taya shi, ya riƙe mata zane.

"Ya ce, 'In Maniru ya gane ban iyawa, tausai za ya sa shi ɗauke motar shi kai wani wuri. Ni ko ina son in ƙare wagga da hannuna.'"

Na ce, "Inna, na hwaɗa mai magana maras daɗi rannan. Gaban mutane."

Ta ce ta ji, katangar ba ta da tsawo. Ta ce da ya shigo cin tuwo ya maimaita mata maganar yana dariya, ya ce yaron nan bai yi ƙarya ba. Kuma kada in sa a raina cewa ya ɗora mini abin banza don ya rasa ƙarfi. Ya gaya mata wanda ya sa ɗin ma mai kyau ne, mai shi kawai yake so ya kula, shi ya sa ya ba da lagireton da ya hana mutum uku.

Hanya ta miƙe a gabanmu, babu mota, babu shanu. Ta juyo ta dubi sitiyarin.

"Kwana tara yana hwaɗa min za ta yi gudu. Ban taɓa shiga motar da ya gyara ba. Taka in gani."

Na ce akwai kaya a baya. Ta ce an ɗaure su.

Na sa giya ta huɗu na taka totur. Motar ta ɗauka ba gardama, muryarta ta cika gaban, iska ta shigo ta taga tana kaɗa mayafinta. Gonaki suka riƙa wucewa kore shar, tukwane na ƙara a baya. Inna Sakinatu ta dafa gaban motar da hannu ɗaya, idonta a kan kwalta, ba ta ƙifta ba. Mun yi kamar mil biyu a haka.

"Ya isa," in ji ta.

Na sassauta. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce iska ce.

A Dandin Mahe na tsaya a ƙofar gidan yayanta, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na kashe mota. Mata suka fito daga zaure suna yi mata maraba, wani ya hau baya ya fara kwance igiya. Ita ba ta buɗe ƙofa ba tukuna. Ta zauna da hannunta a kan cinya, kanta a ɗan karkace, tana sauraren injin yana ƙyas-ƙyas a hankali yana hucewa.