Ɓaunar Alhaji Nagoda

Dakta Miriam Habila ta shekara goma sha ɗaya tana duba shanu da awaki a ɗan asibitinta na dabbobi a Tudun Wada, amma ba ta taɓa sa hannu a jikin ɓauna ba sai ranar da Alhaji Nagoda ya aiko mata da mota. Ɓauna huɗu gare shi, irin na gida da ake tatsa, ya sayo su daga ƙasar waje ya ajiye a gonarsa ta bayan gari. Babbarsu ce ba lafiya. Hantsarta ta kumbura ta ɗau zafi, madarar na fita da mugunya.

Miriam ta ce a nuna mata abin da aka riga aka ba ta. Aka jero kwalaben allura har tara.

"Duk wadda muka yi mata kwana biyu muka ji shiru, sai mu canja," in ji Alhaji. "Ki soka mata mai ƙarfi kawai, Likita."

"Maganin zafi kaɗai zan ba ta yau, Alhaji. Kun yi ta ɗanɗana wa ƙwayoyin cutar magani kaɗan-kaɗan, har sun saba sun daina ji. Zan ɗebi madarar in kai gwaji. Ka ba ni kwana uku."

"In ta mutu kafin nan fa?"

"Tana cin ciyawa, tana tsaye da ƙafafunta. Da yardar Allah za ta kai. A dai riƙa tatse ta sau huɗu a yini."

Alhaji ya shige motarsa ba ko sallama. Sai da Miriam ta taka zuwa bakin titi kafin ta samu acaɓa, amma ko a jikinta.

Ran Alhamis sakamako ya fito. Cikin magunguna takwas da aka gwada, ɗaya tal ya kashe ƙwayoyin. Ta kai masa takardar har gona. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"To, bisimilla."

Kwana biyar tana zuwa da kanta tana yin allurar. Sai da ta ce a zubar da madarar har mako guda bayan an gama, sannan rigima ta dawo sabuwa.

"Masu yogot suna jirana!"

"Yara ne za su sha, Alhaji, kuma da sauran magani a ciki."

Ya yi ta faɗa, amma aka zubar.

Ɓaunar ta warke, sai dai kan nono ɗaya cikin huɗun ya ƙafe, bai sake kawowa ba. Miriam ba ta ɓoye masa ba cewa an makara da wannan.

Bayan wata guda direbansa ya sauke mata jarkar madara a ƙofar asibiti. Ta dafa ta kwantar da kindirmo. Washegari da safe ya kama har cokali na tsayawa a ciki, ta raba wa maƙwabta.