Gadar da Ta Shiga Lambu

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Wake bai gama cika ba ganyensa ya bushe, kududdufan da ke kewaye da Toranke duk suka tsage tun kafin a gama sussuka.

Kabo maharbi ne, shekararsa sittin da bakwai. A da su biyar suke fita. Uku sun rasu, ɗaya ciwon ƙafa ya sa ɗansa ya ɗauke shi zuwa Gaya. Yanzu shi kaɗai yake rataya bindiga.

Ya san halin gada. In damina ta yi kyau, cikin sabara take wuni a kwance, sai rana ta yi sanyi ta fito kalar harawa a gonaki. Kwana tara yana zaga irin wuraren nan, bai ga sawu ba, bai ga kashi ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, Bubayero ya tare shi. Bafulatani ne da ya bar kiwo ya kama noman rani a bakin fadama.

"Baba Kabo, wani abu yana cinye mini salak. Na zaci awaki ne, sai na ga sawun ya yi ƙanƙanta."

"Da wane lokaci yake zuwa?"

"Da hantsi. Jiya ina ban ruwa na hango shi."

Kabo ya ce, "Gada ba ta fita da hantsi, balle da mutum a tsaye. Yunwa ce."

Washegari ya je. Ya watsa ƙasa ya ga inda iska ta nufa, ya zauna gindin kanya ta yadda ba za ta kai warinsa ba. Ashe wahalar banza ya yi. Da gadar ta fito daga ciyawa ko shinshina iska ba ta tsaya yi ba, kai tsaye ta nufi ruwan da ya kwanta a magudanar lambun, ta daɗe tana sha. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Sau ɗaya ya harba.

Da ya feɗe ta babu ko ɗigon kitse. A tumbinta ganyen salak ne da guntun leda. Ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya tuna Bubayero yana can ƙarshen lambu wajen injin ban ruwa, ba zai ji ba.

Ya bar masa cinya, ya ɗaure sauran a buhu. A gida, inda ba kowa tun rasuwar matarsa Hansai, ya gasa hanta ya ci yanka biyu, ya rarraba wa maƙwabta ragowar.

Bai daina fita ba. Har ruwan farko ya sauka yana zagawa da safe, amma bai sake ganin sawun gada ba a shekarar.