Tsohuwar da ke Gadin Numfashina

Daren jiya wani mafarki na yi, ina ɗaure da robar nan a hanci, wadda injin likita ke hura mini iska ta ciki don kada numfashina ya ɗauke cikin barci. Wata biyu ke nan muna tare. Munshari ya tafi, amma zuciya ta ɗauko sabon hali: ina tsakiyar barci sai ta zuba da gudu, in farka ina salati. Na kwanta ne da niyyar gari na wayewa in rabu da injin, tun bai kai ni kushewa ba.

Sai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Wani talotalo mai kula da hanya ya busa mini usur.

"Malam, zuciyarka ta wuce nan a ɗari da talatin."

"Ranka ya daɗe, ai tana ƙirjina."

"Duba dai."

Na tura ƙofar ƙirjin, ta langa-langa ce. Ba kowa a ciki, sai tabarma da buta.

A bakin wata rijiya da aka jingine da bango na same ta. Ashe tsohuwa ce 'yar firit, ta ci ɗamara, sai haki take yi. Gefe guda ga injina a kan kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana shan shayi.

Na ce, "Inna, gudun me kike yi haka? Kashe ni za ki yi?"

"Ka ji ɗan nema! Ni zan kashe ka, Tanimu? Shekara goma sha huɗu numfashinka na ɗaukewa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Wa ke dukan ƙofa har ka ja iska? Kai kana can baki sake."

Wallahi kunya ta kama ni. Ko sau ɗaya ban taɓa ce mata sannu ba.

"To ai yanzu ga mai aikin an kawo."

"Na gan shi, ba shi da laifi. Amma da munsharin nan nake sanin kana nan. Yanzu da na ji tsit sai in zuba da gudu, in ce shi ke nan, ya tafi."

"Bari kawai, gobe zan sallame shi."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, duk sun kumbura.

"In ka sallame shi, ka nemi wata zuciyar. Ni ƙarfina ya ƙare, ɗan nan. Tafiyar sannu nake so in koya, ban taɓa yi ba. Ka dai kai ni wurin likitan ya duba ni, ya gaya mini da bakinsa cewa ba komai."

Na zauna kusa da ita. Ta jingina da kafaɗata, ta zabura, ta kasa kunne, ta sake jinginawa. Ni kuwa ina ta jan numfashi a hankali don ta ji.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni, matata Ladidi na sharar tsakar gida. Na ɗora hannu a ƙirji, na ji zuciyar tana tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ladidi ta banko ƙofa.

"Malam, rana fa ta yi!"

Na ɗaga robar kaɗan, na yi ƙasa da murya.

"Yi a hankali, don Allah. Yanzun nan ta samu ta zauna."