Mudun Awon Natsuwa

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma na san abin da ya jawo shi. Jikana Mudassir ba ya iya zama wuri ɗaya, ko ƙuda ne ya gifta sai hankalinsa ya bi shi. Likita ya ce lalura ce, ya ba mu zaɓin magani biyu, mai araha da mai tsada. Matan unguwa kuwa sun gama yanke hukunci: wai mai tsadar ne kaɗai ke aiki, mai arahar garin alli ne. Har 'yata Rakiya, uwarsa, ta sa keken ɗinkinta a kasuwa don ta sayi mai tsadar, alhali da shi take ci da gidan. Ni kuwa da na tsufa ina koyar da lissafi, ba na karɓar amsa sai na ga yadda aka yi aikin.

Sai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa, kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Na tambayi wata agwagwa mai ba da hannu a titi inda ake awon magani.

"Ki wuce shekaranjiya, ki sha kwanar hagu," in ji ta.

Na wuce. Ofishin a saman bishiyar kuka yake, awaki ne ma'aikata. Wata akuya ta miƙo mini katin layi, ta karɓe, ta cinye, ta ce na gama da ɓangarenta.

Shugabansu bunsuru ne mai tabarau. Ya zaunar da ƙwaya mai tsada a kujera ana yi mata fifita. Mai arahar tana tsugune a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, da me kuka gane wannan ta fi?"

"Da tsadarta, Hajiya."

"Me ya sa ta yi tsada?"

"Saboda ta fi."

"Da ɗalibina ne kai, sifili zan ba ka. A kawo mudu."

Aka kawo. Na kifa shi na duba gindin, don na san halin 'yan awo. Bugagge ne. Bunsuru ya yi tari, ya sa aka kawo na gaskiya. Aka fasa mai tsada, natsuwa ta dinga zuba kamar gero, siriri-siriri, tun hantsi har la'asar. Mudu guda cif. Aka fasa mai araha, ta zubo rabin mudu a take, ta tsaya.

"Kin gani ko!" in ji bunsuru.

Mai arahar ta ɗaga kai. "Mu biyu ne. 'Yar'uwata sai da azahar take zuwa, ita kuma ba ta da ƙafa."

Sai ga Mudassir yana tafe a kan igiyar shanya, kansa a ƙasa.

"Amarya, me kike nema a kan bishiya da tsufanki?"

"Angon banza, mai baro takalmi a makaranta. Awonka nake yi."

"Ara mata ƙafafunki mana. Me kike yi da su ban da miƙewa a tabarma?"

Na cire na miƙa. Ta biyun ta shigo a guje da ƙafafuna, har da lallensu, ta zuba nata rabin. Mudu ya cika cif, daidai da wancan.

Bunsuru ya ce a dokarsu ba a sa ƙafa a lissafi. Na ce shi ya sa lissafinsu bai taɓa fita ba. Ya fusata, ya kama cin tebur, ƙar-ƙar-ƙar-ƙar.

Na buɗe ido. Keken Rakiya ne, dillaliya ta zo tana gwada shi a tsakar gida. Na fito ko ɗankwali ban ɗaura ba, na ce a dakata, sai mun koma wajen likita.

Da hantsi muka je. Ya ce sinadari ɗaya ne a cikinsu. Mai tsadar sau ɗaya ake sha, mai arahar sau biyu, sai dai a sami mai kai wa yaro na biyun makaranta da rana. Makarantar tana bayan layinmu, ni kuma da azahar ba ni da aikin yi.