Tagar Madafa

Dogo ba ya zana gida, amma duk masu zanen gini na ofishinsu da aikin hannunsa suke taƙama. Shi ya rubuta wata 'yar manhaja da ake ɗora wa babbar manhajar zane. Ka taɓa ƙofa ko taga a kwamfuta, ka liƙa mata bayani, katako iri kaza, kauri kaza. Bayanin ya laɓe a jikinta, sai an kira shi ya fito. In aka goge ƙofar kuwa, ya bi ta.

Matarsa Guntuwa mai zane ce a ofishin, bakinta kuma ba ya hutu. Da ta zana gidan da za su gina, sai ta mai da manhajar mijin filin tsokana. A ƙofar ɗaki ta liƙa: "A ɗaga ta, kar raƙumina ya fasa goshi." A bangon falo: "Nan surukata za ta jingina ta ce miyata ba gishiri."

Ko tushe ba a haƙa ba ta rasu.

Dogo ya riƙa buɗe bayanan ɗaya bayan ɗaya, sai kewa ta ci ƙarfinsa. Ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Tagar madafa kaɗai ya ƙi taɓawa. Muddin bai buɗe ba, Guntuwa tana da sauran magana da shi.

Da magini ya nemi zane, Dogo ya roƙi abokin aikinsu Gaggawa ya buga masa a takarda. Gaggawa ya dawo yana washe baki.

"Yaya Dogo, na ma gyara maka kuskure. Tagar madafa ta yi ƙasa, kamar ta kaji. Na ɗaga ta."

"Matsar da ita ka yi?"

"Ina! Gogewa na yi na zana sabuwa, ya fi sauri."

"Tsohon kwafin fa?"

"Ai a kansa na adana. Lafiya?"

Dogo ya nufi kwamfuta. Ya ja kujera, ya taɓa tagar, ya kira bayani. Manhajar da ya rubuta da hannunsa ta ce masa babu komai a jikin wannan abu. Ya sake kira. Yinin ranar ya ƙare yana tonon fayil, bai samu ko harafi ba.

Da gini ya kai madafa, magini ya ɗora ma'aunin taga yadda takarda ta ce. Dogo ya tsaya inda za a sa wurin wanke-wanke, ya rage tsawo, ya yi ta ragewa har idonsa ya zo daidai inda na Guntuwa yake kaiwa.

"Sauke ta nan."

"Maigida, ai kai sai ka durƙusa za ka ga titi."

"Na sani. Sauke ta."