Kunnen Bakanike

Bakaniken ya durƙusa gefen baƙin babur ɗin, ya kara kunnensa kusa da injin, ya yi wa mai shago alama ya ƙara wuta. Ƙarar ta fito sumul, mai kauri, ba ko gargada. Shekara ashirin yana kwance inji yana ɗaurawa, bai taɓa jin mai daɗin wannan ba. Wata takwas ke nan kullum in ya tashi daga gareji sai ya bi ta gaban shagon, alhali ba hanyarsa ba ce, ya rage gudun akwalar babur ɗinsa, ya leƙi baƙin ta gilashi, ya haɗiyi yawu.

Yau ga Auta ya zo saye. Auta dai ƙanensa ne, wanda shi ya koya wa hawan keke, wanda har gobe in ya saki kuloci sai babur ya yi tsalle kamar ɗan akuya. Ya samu aiki a jirgin ruwa, ya dawo hutu yana ƙamshin turare, ya ce cikin babura biyu zai ɗauki ɗaya, baƙin ko shuɗin.

"Yaya, ni baƙin ne ya kwanta min," in ji Auta. "Amma abin da ka ce shi ke nan."

Hassada ce ta kama bakaniken, kuma ya san ita ce. Ya hango yaron nan a kan baƙin, yana wucewa ta ƙofar gareji, abokan aiki sun ajiye sifana sun bi shi da kallo. Shuɗin ma babur ne na gaske, yana gudu, sai dai kusa da baƙin ba a ganinsa.

Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya taɓe baki.

"Akwai wata 'yar ƙara can ciki. Yanzu ba za ka ji ba. Ba shi wata uku."

"Wace ƙara?" Mai shago ya zaro ido. "Haba malam, ka ji tsoron Allah! Sabo fil!"

"Kai sayarwa ka iya," Auta ya katse shi. "Yayana ko da ido rufe yana gane ciwon inji. A ba mu shuɗin."

Aka cike takardu, aka turo shuɗin bakin titi. Zuciyar bakaniken ta ɗan yi sanyi, ko da yake ya kasa haɗa ido da mai shago.

Auta ya ɗauki makullin, ya kamo hannun yayansa, ya danƙa masa.

"Jibi zan koma, sai bayan wata tara. Ka san irin waɗannan ba sa son ajiya, batir ya mutu, taya ta bushe. Kai za ka riƙa hawa. Ni in na zo, sati biyu kacal, ka ɗan ara min."

Bakaniken ya dubi makullin. Ya waiwaya cikin shago, inda mai shago ke goge tankin baƙin da ƙyalle, rai a ɓace.

"Auta," ya ce a hankali, "ko dai in sake sauraren wancan? Wataƙila ƙarar fankar shagon ce ta ruɗe ni."

Auta ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa.

"Haba Yaya. Yaushe kunnenka ya taɓa yi mana ƙarya? Hau mu tafi."